Igiyar da Na Ɓoye wa Baba

Na sace wa mahaifina igiyarsa ta hawan dabino a wata ranar Juma'a, maza duk suna masallaci. Ina da shekara talatin da huɗu a lokacin, da 'ya'ya uku, kuma tarbiyya nake koyar da 'yan mata a makaranta. Amma haka na laɓaɓa ɗakin ajiya na gidan iyayena da ke unguwar Bani Harisa a Madina, na sauke ta daga ƙusa, na cusa ta cikin abayata. Inna ce ta tsaya mini a bakin ƙofa tana leƙen hanya. Da yamma da muka koma gidanmu na Anbariyya na sa maigidana ya buɗe bayan mota, muka ɗaga shimfiɗa, muka tura ta ƙarƙashin tayar safaya. Wannan a ƙarshen shekarun casa'in ne, sanyi ya fara ja da baya.

Baba mai hawan dabino ne a gonakin Awali. Aikin da ya tashi ya tarar da mahaifinsa yana yi ke nan, tsohon da ya taso daga ƙasar Damagaram a ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana haɗa guzuri, ya iso Madina ya ce daga nan ba inda za shi. Sau uku ko huɗu ake hawa kowane itace a shekara: a sare ƙaya, a yi barbara, a ɗaure 'ya'yan kada nauyi ya karya su, a sauke in sun nuna. Barbara ita ce mai wuya, don ba ta jira. In furen mace ya buɗe, kwanaki kaɗan ne a kai mata na namiji, in aka yi sakaci shekarar ta tafi. Tsohon mai gonar ya rasu, 'ya'yansa sun ɗebo leburori matasa, amma dogayen itatuwan nan na zamanin kakansu Baba suke bar wa, shi ma ba ya yarda wani ya taɓa su.

Igiyar da hannunsa yake tufka ta, da lif, zaren nan mai kaushi da ke naɗe a wuyan dabino. Tana da faɗi a tsakiya inda take tallafe baya, ta sirance a baki biyu. Ya zagaya ta bayansa da jikin itacen, ya ƙulla, ya jingina, ya kafa ƙafa, ya cilla ta sama, ya taka. Ba ya ara, ba ya ba da aro. Mahaifinsa ne ya ɗora shi a kan haka, wai wanda ya tufka igiya shi kaɗai ya san inda hannunsa ya gaji ya sassauta. Mun sha yi masa dariya a kan wannan, ƙanina har ya taɓa sayo masa ta kanti mai kyau, ta ƙare a shanyar Inna.

Abin da ya kai ni ga sata ido ne. Shekarun Baba sittin da tara a takarda, Inna kuma ta ce a ƙara masa biyu. Ya fara zuba shayi a gefen kofi. Ya fara tuntuɓe da takalman da ke bakin ƙofa yana faɗan wanda ya ajiye su. A lokacin saukar dabinon bara ƙafarsa ta zame daga kusan tsayin mutum biyu, ya yi wata guda yana ɗingishi, ya ce wai matakin ne ya ruɓe. Maigidana ɗan Kano ne, aikin haɗa magunguna ya kawo shi Madina, kowa Duktur yake ce masa har Baba. Shi ya lallaɓa shi ya kai shi aka duba, aka ce hawan jinin ido ne. Abin da ke gabansa yana gani sarai, amma gefe da ƙasa suna rufewa a hankali, kuma abin da ya rufe ba ya dawowa. Baba ya karɓi maganin ɗigawa, ya ce Allah ya yi albarka, washegari ya tafi Awali.

Mai karatu zai ce me ya hana ni zama in gaya masa. Ni ce 'yar fari. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ido da ido ba. In yana son abu a wurina sai ya ce wa ƙannena, ku gaya wa babbarku, ko da ina zaune a ɗakin. Yawancin gidajenmu na Madina sun yar da wannan kunya tuntuni, ƙannena ma da Larabci suke tsokanarsa suna jan gemunsa, amma a kaina ya riƙe ta kamar yadda ya gada. Ban taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba. Dabinon farko da ya nuna a gona kowace shekara gidana yake zuwa, ba saƙo, ba sallama, sai dai in ga kwando. Na saba, har ina jin daɗin abin. Sai da na ga zai faɗo daga sama ya mutu na gane ba ni da bakin da zan ce masa ya daina.

Kwana goma sha biyu Baba yana cigiyar igiya. Kullum da safe sai ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya yana tambayar wanda ya taɓa masa kaya, Inna ta ce ba ta gani ba. 'Ya'yan mai gona sun aiko sau biyu, furanni sun kusa buɗewa, ya ce a gaya musu igiyarsa ta ɓata. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don lif ba tsada yake ba, ga shi nan jibge a gona. Na san sata ba za ta raba gardama ba, dole wani ya buɗe baki. Maigidana ya ce shi suruki ne, a rufa masa asiri. Saura ƙanina, wanda ke bi mini, ma'aikacin ofis mai yawan alkawari. Ya ce zai yi magana, amma ba a gida ba, gara a fita barr, wato daji, a ci a sha, ran tsoho ya yi sanyi tukuna. Muka bar yara wurin ƙanwata, muka fita ranar Laraba bayan la'asar, mu biyar.

Wurin da muka je tafiyar awa ɗaya da rabi ce ta hanyar Yanbu. In ka wuce iyakar Haramin Madina da nisa sai ka sauka daga kwalta, ka bi sawun motoci har ka shiga wani kwazazzabo tsakanin bangaye biyu na jan dutse. Ƙasan yashi ne mai laushi, da itatuwan samur masu ƙaya a warwatse, su ne ake sara don garwashi. Mutanen Madina suna son wurin in an yi ruwa ciyawa ta tsiro. Ba mai kafa tanti a tsakiyar yashin, komai laushinsa, don hanyar ruwa ce, a kan tudu ake hawa. Da yake bayan Harami ne, ma'aikatan Yanbu waɗanda ba Musulmi ba su ma suna zuwa, amma su ba ciyawa ke kawo su ba. Dutsen suke hawa da igiyoyi, su kai ƙarshe, su sauko, su sake hawa, ba abin da suke tsinkowa a can.

Inna ta kwaso rabin kicin, har da muciya, wai ko za a so tuwo. Maigidana, mutumin da ya haddace sunan magani ɗari biyar, ya yi rabin awa yana kokawa da sandunan tanti iska tana kifar masa. Baba ya ƙyale shi har ya gaji, sannan ya tashi ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya yana ƙulli da lalube, ko kallon hannunsa ba ya yi. Aka kunna ɗan murhun gas aka ɗora shayi, aka hura garwashi. Ƙanina ya ce zai yi maganar bayan Magariba. Bayan Magariba ya ce a bari a ci abinci. Bayan abinci ya ce tsoho ya gaji, da safe ya fi. Na harare shi har ya daina kallon inda nake.

Da hantsi mahawan suka iso, mota biyu, suka tsaya a gindin bangon da ke fuskantarmu. Su biyar ne, kowa da ɗamara a ƙugu, ƙarafa suna reto a jiki suna ƙara. Baba ya ce wa Inna waɗannan ai masu sayar da makullai ne. Ya gyara zama a kan darduma yana kallonsu yana gyara musu aiki daga nesa: wannan yana rungumar dutse kamar ya ga uwarsa, wancan hannu yake wahalarwa alhali ƙafa ce ke hawa. Rabon da in ji shi cikin nishaɗi haka tun kafin ya zame.

Sai wani dogon Bature a cikinsu ya cire hula don ya sa kwalkwali, muka ga kansa fari fat. Shi ya hau na farko, a natse, ba gaggawa, ya kai igiya sama ya ɗaura wa sauran. Baba ya daina ba'a. Da mutumin ya sauko ya zo wucewa ya ɗaga mana hannu, Baba ya ce Duktur ya tambaye shi shekarunsa. Maigidana ya tambaya da Turanci, ya juyo ya ce saba'in da ɗaya.

Duk tsawon jiya ƙanina bai sami lokacin magana ba sai wannan. Ya matso, ya yi gyaran murya, ya fara da Larabci ya ƙarasa da Hausarsa mai karkata.

"Ya buya, halas, Baba, ya isa haka. Bana ka huta. Ka bar wa leburori su hau, idonka ba kamar da ba."

Baba bai kalle shi ba. Ya shanye shayinsa, ya kife kofin, ya ɗauki buta ya zagaya bayan wani dutse. Ba mai bin dattijo in ya ɗauki buta, ba mai tambayar daɗewarsa. Muka zauna muna jiran ya dawo, ina yi wa ƙanina faɗa ƙasa-ƙasa a kan rashin iya zaɓen lokaci, shi kuma yana cewa ai ya faɗa, me kuma nake so. Mun fi minti ashirin a haka kafin Inna ta miƙe ta sa hannu a goshi tana duban bangon, can gefe da inda mahawan suke. A gindinsa ga buta, ga takalman Baba a jere.

Akwai wata tsaga da ta tashi daga ƙasa ta miƙe sama, ita ya bi, ƙafa ba takalmi, ya naɗe jallabiya a ƙugu. Lokacin da muka iso da gudu ya riga ya kai wani ɗan dandamali a jikin dutsen da bai fi faɗin dardumar salla ba, tsayinsa daga ƙasa kamar dabino mafi tsawo a gonar. Yana tsaye yana kallon kwazazzabon. Ƙanina ya yi masa magana, ya amsa cewa iska yake sha, a ƙyale shi. Gaskiya a wannan lokacin har da alfahari a raina. Saba'in da ɗaya da ƙarafa, ga namu ba ko zare.

Sai ya juya zai sauko. Ya kama bakin tsagar, ya sauke ƙafar dama yana lalube, ta yi yawo a iska, ya mayar da ita. Ya sake, ya mayar. Sau uku ina ƙirgawa. A jikin dabino saukowa ita ce hutu: ka jingina da igiya, matakai a jere suke zagaye da itacen, ƙafa ta san inda za ta same su ko a rufe ido. Shekara hamsin da wani abu bai taɓa hawa abin da saukowarsa ta fi hawansa wuya ba, don haka bai yi tunaninta ba sam. A dutse kuwa sai ka ga wurin da ido kafin ka taka, ga shi ƙasa ce ta rufe masa. Ya koma ya zauna a kan dandamalin, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu.

Maigidana ya ruga ya kira mahawan. Dattijon Baturen ya duba sama, ya bi ta wata hanya ta gefe ya haura can bisa, ya ɗaura igiya, ya zuro kansa har ya sauka kusa da Baba. Ya zo masa da ɗamara irin tasu. Daga ƙasa muna ganinsa yana nuna masa yadda ake sawa, yana cewa shuwayya shuwayya, ya Haj, wato a hankali Alhaji, iyakar Larabcinsa ke nan. Baba ya karɓi bakin igiyar, ya murza ta a tsakanin yatsu, ya shinshina, ya mayar masa.

"Duktur," ya kira daga sama, "ka ce masa na gode ƙwarai. Amma ban san wanda ya tufka wannan ba. Sai da tawa."

Maigidana ya yi masa bayani cewa inji ne ya yi ta, tana iya ɗaukar mota. Baba ya ce to motar ta hau. Ƙanina ya roƙe shi da Larabci, ya roƙe shi da Hausa, ya haɗa shi da Allah. Inna ba ta roƙe shi ba, ta sami dutse ta zauna tana jan carbi, abin da ya ba ni mamaki a lokacin. Rana kuma tana juyowa. Bangon da yake cikin inuwa da safe ya fara ɗaukar zafi daga sama, Baturen ya leƙo ya gaya wa maigidana cewa nan da awa guda dutsen ba zai taɓu ba, kuma shi ba zai ɗaure mutum da ƙarfi a wuri irin wannan ba, don in suka yi kokawa su biyun za su faɗo.

Tsoro ya kama ni, amma fushi ya fi yawa. Ina ganin tsohon nan ya gwammace ya gasu a kan dutse saboda igiyar da ya san ta ɓata kwana goma sha uku. Kuma ga ta can a mota, taku ɗari daga inda nake tsaye. Maigidana ya matso ya ce mini a kunne zai ɗauko ya ce shi ya tsince ta. Na ce ya tsince ta a ina, a ƙarƙashin safayarsa? Na karɓi makulli na tafi da kaina. Na ɗaga shimfiɗa, na jawo ta, duk ta yi warin taya, na rungumo ta na dawo gindin dutsen.

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ban taɓa fara yi masa magana ba sai gaisuwa, ita ma kaina a ƙasa. Ranar na ɗaga kai har mayafina ya zame, na buɗe maƙogwaro a gaban mijina da ƙanina da Turawa biyar.

"Baba, ga igiyarka. Tana wurina. Ni na ɗauke ta."

Kwazazzabon ya dawo mini da maganar sau biyu, kamar sau ɗaya bai isa kunya ba. Sannan muka ji muryarsa, ba fushi a ciki, ba mamaki.

"Duktur, ka ce wa matarka ta aiko."

Baturen ya zuro siririn zare muka ɗaura ta ya ja. Ya daɗe yana jujjuya ta a hannu yana jan ƙullin. Abin da suka shirya a can, ba mai jin yaren wani, shi ne Baba ya yarda a sa masa ɗamarar, muddin tasa igiyar tana bayansa, an haɗa bakinta da ta Baturen da zoben ƙarfe. Kowa ya ɗauka tasa ce ke riƙe da tsohon, ba wanda ya yi gardama. Baba ya miƙe, ya juya wa sarari baya, ya yi bismilla, ya jingina.

Daga baya mahawan suka gaya wa maigidana cewa sabon shiga yakan yi kwanaki kafin ya yarda ya saki dutse ya kwanta a kan igiya. Baba kuwa da ya ji faɗin lif a gadon bayansa sai jikinsa ya koma gona. Ya miƙe ƙafafu, ya saki hannu, ya riƙa takowa a jikin bangon kamar mai saukowa daga bene, ko sau ɗaya bai dubi ƙasa ba. Da ya dire suka tafa masa. Ya kwance jallabiya, ya sa takalmansa, ya ɗauki butarsa, ya wuce mu zuwa tanti igiyar a kafaɗa.

Ba wanda ya tayar da maganar. Aka gasa tsire, Inna ta aika wa mahawan da nasu, dattijon Baturen ya biyo kwanon ya zauna aka zuba masa gahawa. Hannun Baturen bai bar igiyar ba. Baba ya zare ɗan lif daga bakinta ya nuna masa yadda ake murzawa a cinya, shi ma ya gwada, ta warware, suka yi dariya. Sai ya sa maigidana ya tambayi Baba tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a gama guda. Baba ya ɗaga yatsu biyu. Ya ce kwana biyu, in lif ya jiƙu da kyau ma kwana ɗaya da yini.

Ina bayan tanti ina goge tukunya da yashi lokacin da na ji wannan, sai hannuna ya tsaya. Kwana biyu. Ya yi kwana goma sha biyu yana cigiya a tsakar gida, ga lif a gona, ga hannunsa lafiya lau. Na dubi Inna. Ta ci gaba da ɗauraye kofuna, ta ce in daina kallonta haka, ai ya sani. Tun ranar da na ɗauka ta gaya masa, har inda na ce zan sa ta. Shekara arba'in ba ta taɓa ɓoye masa ko allura ba, ba za ta fara a kaina ba. Na ce to me ya ce? Ta ce ya ce to, washegari kuma ya fara cigiya.

Na zauna a kan yashi da tukunyar a cinya. Ashe duk kwanakin nan ni da shi aiki ɗaya muke yi. Na ba shi abin da zai gaya wa 'ya'yan mai gona ba tare da ya ce ya tsufa ba, ya karɓa, yana ta biya mini da faɗan safe. Ƙanina ya zo ya faɗi abin a fili a gaban sa'ansa mai hawan dutse, ni kuma na fito da igiyar a bainar jama'a. Yanzu ba sauran ɓata, ba sauran cigiya. Ranar Asabar furanni za su buɗe a Awali, igiya tana kafaɗarsa, kuma kowa ya ga ƙafarsa tana aiki. Na ji kamar in yi kuka don haushin kaina.

Bayan la'asar muka sauke tanti. Maza suna loda kaya, Inna ta riga ta shiga mota, ni ina tsaye ina kaɗe darduma. Sai na ji takunsa a bayana. Na matsa gefe in ba shi hanya kamar kullum, amma bai wuce ba. Ya tsaya a gabana, igiyar a naɗe tsaf a hannunsa. Ba Duktur ya kira ba, ba ƙanina ba.

"Ke," ya ce.

Na ce na'am, Baba.

"A can sama na nemi ƙafata ban gan ta ba." Ya miƙo mini igiyar. "Ki sake mata wuri. Wannan karon kada ki gaya wa uwarki. Ita ba ta iya riƙe magana, ni kuma in na san inda take ba zan iya riƙe kaina ba."

Na karɓa da hannu biyu. Ya juya ya shiga gaban mota, ya ce wa maigidana ya bi a hankali, yashin nan yana cin taya. Har muka hau kwalta ina hawaye a cikin mayafi, Inna tana miƙo mini dabino kamar ba ta gani ba.

Barbarar shekarar a ƙasa ya yi ta. Yakan zauna a gindin dogayen itatuwan yana tsaga furen namiji yana ɗaurawa ƙulli-ƙulli, yana miƙa wa leburori, yana yi musu faɗa in sun rungumi itace. In an tambaye shi ya ce igiyarsa ce ta sake ɓata, gidan nan ba a ajiye abu. Ya yi shekara tara bayan wannan, kwandon dabinon farko bai fasa zuwa gidana ba, bai kuma sake yi mini magana kai tsaye ba, ban kuma nema ba. Inna ta tambaye ni inda na sa ta ya fi sau goma, har ta yi fushi. Ban gaya mata ba, ban gaya wa maigidana ba, kuma har ya rasu Baba bai taɓa tambaya ba.